Ruwan tuffar da na jiƙa don yin khal ya daina kumfa, ko ya mutu ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na matse tuffa, da bai isa ba na cika da ruwan tuffa na kwali, ya zama lita 4. Na zuba sukari rabin kilo da yis na burodi, washegari na ƙara kofi ɗaya na tsohon khal don ya yi sauri. Kwana uku yana kumfa, sai ya yi tsit. Yau kwana goma, kuma har yanzu zaƙi gare shi kamar lemo. In zubar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki zubar tukuna. In dai ba ki ga fumfuna mai gashi-gashi, kore ko baƙa, tana yawo a samansa ba, ana iya ceto shi.

Yin khal aiki biyu ne, ma'aikata biyu ke yin sa, kuma ba sa ga maciji da juna. Na farko shi ne yis, wanda ke cinye sukari ya mayar da shi sinadarin alkohol da iskar da kike gani tana kumfa, kuma ya fi son a rufe shi. Na biyu wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira Asetobakta, su ke mayar da alkohol ɗin ya koma tsamin khal, kuma ba sa motsi sai da iska. Louis Pasteur na Faransa ya bayyana aikinsu tun 1864. Ke kuwa kin haɗa su a kwalba ɗaya tun rana ta biyu, kuma a ganina nan ne babban kuskuren. Kofi ɗaya na khal a lita 4 ya kai kusan giram 3 na asid a kowace lita, wanda ya isa ya galabaitar da yis tun bai yi ƙarfi ba.

Sukarin ma ya yi yawa. Ruwan tuffa da kansa yana ɗauke da kimanin giram 100 a kowace lita, ke kuma kin ɗora 125 a kai. Kusan kowane giram 17 na sukari a lita yana ba da kashi 1 cikin 100 na alkohol, wato kin nemi yis na burodi ya kai kashi 13, alhali yakan gaji kafin nan. Ko da ya kai ɗin ma, ba riba, domin ƙwayoyin khal sun fi jin daɗin kashi 5 zuwa 7. Mutane da yawa suna ɗauka yawan sukari ne ke kawo khal mai ƙarfi. Sam, aikin kawai yake tsayarwa.

Sai kwalin nan. In yana nan, juya bayansa ki karanta. In kin ga potassium sorbate ko sodium benzoate, wato magungunan da ake sakawa don hana lemo lalacewa, to ga mai laifi na uku. Sorbate ba ya kashe yis nan take, haihuwa yake hana shi, shi ya sa aikin ke farawa da zafinsa ya yi ta raguwa har ya mutu murus.

Amma kumfa ba shaida ba ce. Murfi mai yoyon iska yakan sa a ga kamar ba abin da ke faruwa alhali yis na ta aiki. Ma'aunin gaskiya shi ne haidiromita, ɗan bututun gilashi da ake saka shi ya yi iyo a cikin ruwan. Ruwan tuffa zalla yakan nuna wajen 1.045 zuwa 1.050, in sukari ya ƙare sai ya sauko 1.000 ko ƙasa da haka. Ki auna yau, ki sake bayan kwana uku. In lambar ba ta motsa ba kuma tana sama sosai, ya tsaya da gaske. Zaƙin da kika ce kina ji ya riga ya ba mu rabin amsar.

Ga gyaran. Ki tafasa ruwa lita 4 ya huce, ki raba naki gida biyu, ki cika kowane rabi da ruwan. Da wannan kin rage sukari da asid da maganin kwalin, duk da rabi. Sannan ki dafa cokali ɗaya na yis na burodi cikin ruwa kaɗan na minti biyar ki zuba. Mataccen yis abinci ne ga mai rai, don ruwan tuffa ba shi da wadataccen naitirojin, sinadarin da yis ke buƙata don ya hayayyafa.

Sabon yis kuwa kada ki barbaɗa shi kai tsaye, zai tarar da abin da ya kayar da na farko. In kin samu wanda ake yi wa ruwan inabi, kamar Lalvin EC-1118, ya fi juriya nesa ba kusa ba. Ki jiƙa shi minti 15 a rabin kofi na ruwa mai ɗumi, digiri 35 zuwa 38 a ma'aunin Salshiyas, kamar ɗumin jiki. Ruwan da ya ƙone miki yatsa zai kashe shi. Ki ƙara masa ɗan sukari. Da ya yi kumfa kamar kan sabulu, ki zuba rabin kofi na ruwan tuffarki ki jira sa'o'i kaɗan. In ya ci gaba da tashi ki ƙara kofi ɗaya, sannan biyu, kina ninkawa har ya saba, kafin ki juye shi a manyan kwalaben. Ki ajiye su inda zafi ke tsakanin digiri 20 da 25. In sanyi ya yi yawa yis yakan kwanta a gindin kwalba ya yi barci, sama da 35 kuwa wahala yake sha.

Ranar da zaƙin ya ɓace, a lokacin ne tsohon khal ɗinki zai yi amfani, in dai mai rai ne da ba a dafa ba. Ki tsiyaye ruwan a tulu mai faɗin baki, ki zuba kofi ɗaya na khal ga kowane kofi biyar, ki ɗaure bakin da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙananan ƙudaje. Bayan mako biyu ko uku za ki ga wata fata mai santsi ta shimfiɗu a sama. Ita ce uwar khal, kada ki girgiza tulun ta nutse.