Amsa ga ƙanwata mai tambaya ko alkawuran Allah na wasu ne ban da ita

Salama ƙanwata. Na karanta tambayarki tun jiya da dare, na ga kuma amsoshin da aka jera miki, yawanci "ki yi haƙuri" da "lokacinki na zuwa", ba ƙarya suka yi ba amma na san irin wannan ba ya kaiwa inda ciwon yake. Kin ce shekara 8 da aurenki babu haihuwa, kin je wani taron farkawa mai wa'azi ya ɗora miki hannu ya ce kafin shekara ta ƙare za ki goya, har ya sa kika ba da kuɗin shuka iri, shekarar ta wuce wata ma ta bi bayanta, yanzu ko addu'a kin kasa, kina tambaya wai alkawuran Allah na wasu ne ban da ke. Toh bari in yi miki magana kamar yadda zan yi wa 'yar cikina.

Wanda ya saɓa alkawari a labarin nan naki ba Allah ba ne, mutumin nan ne. Shi ya yanka rana, shi ya karɓi kuɗi, sannan ya bar ki kina kai wa Ubangiji takardar bashin da bai sa hannu a kai ba. Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Ayar nan ta Irmiya 29:11 da muke gani a kalanda da bayan keke napep, wadda Allah ya ce ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ne ba na masifa ba, don Allah ki koma ki karanta tun daga sura 28. Akwai wani annabi Hananiya da ya tashi a gaban jama'a ya ce cikin shekara 2 za a karya karkiyar sarkin Babila kowa ya dawo gida, maganar da kowa ke son ji ke nan. Shi kuwa Irmiya sai ya aika wa 'yan bauta da aka kwashe zuwa Babila wasiƙa ya ce shekara 70 ne, ku gina gidaje, ku dasa gonaki, ku yi aure, ku yi wa birnin da aka kai ku addu'a. A cikin wannan wasiƙar mai nauyi ayar take. Da yawa cikin waɗanda aka karanta wa ita a Babila aka binne su, amma alkawarin bai faɗi ƙasa ba, 'ya'yansu da jikokinsu sun koma. Hananiya kuwa a shekarar nan ya mutu.

Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Mubi na yi zaman aurena. Ranar 29 ga Oktoba 2014 da Boko Haram suka shigo garin muka gudu da abin da ke jikinmu kawai, muka nufi duwatsu ta wajen iyakar Kamaru, a lokacin ne ma hedikwatarmu ta Kwarhi ta faɗa hannunsu har shugabanninmu suka koma Jos na ɗan lokaci. Maigidana ya raka mu bakin gari ya ce zai koma ya ɗauko mahaifiyarsa da ba ta iya tafiya. Zabura 91 na riƙe a bakina duk hanya, ina cewa Ubangiji kai ka ce dubu za su faɗi a gefe amma ba zai kusance mu ba. Har yau da nake rubuta miki ban ga shi ba, ban ga gawarsa ba. Don haka in kin ce kin kasa addu'a na gane sarai, na daɗe in an ta da waƙa a majami'a bakina ba ya buɗuwa.

A Yola muka tsaya daga baya, lokacin garin cike yake da 'yan gudun hijira, babbar majami'ar Katolika ta St. Theresa ma ta buɗe ƙofarta ga dubban mutane ba ta tambayi ɗarikar kowa ba. A nan wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, ita ma ta rasa 'ya'ya maza a rikicin, ta zaunar da ni ta buɗe mini Ishaya 43:2, ta ce 'yata duba da kyau, bai ce ba za ki shiga ruwa ba, cewa ya yi in kin bi ta cikin ruwa yana tare da ke. Sai na fara tuna abubuwan da baƙin ciki ya rufe mini ido a kansu, Bafulatanar da ta ba yarana nono a daji ba ta karɓi ko kwabo ba, mai motar da ya kwashe mu, yadda ƙaramin ɗana ya tashi daga zazzaɓin da na riga na cire rai. Abin da na roƙa ba a ba ni ba, amma ba a bar ni ni kaɗai ba ko sau ɗaya, kuma wannan ɗin shi ne ainihin abin da ya yi alkawari a Ibraniyawa 13:5, ba zai bar mu ba, ba zai yashe mu ba.

Ki karanta Ibraniyawa 11 har ƙarshe, yawancin wa'azi a tsakiya yake tsayawa. Aya ta 34 ta ce wasu ta wurin bangaskiya sun kuɓuce wa takobi, aya ta 37 kuma ta ce wasu da takobi aka kashe su, kuma dukansu an yi musu shaida mai kyau saboda bangaskiyarsu. Saboda haka duk mai ce miki rashin haihuwarki ƙarancin bangaskiya ne ko wani zunubi da kika ɓoye, ko a cikin dangin miji ne ko a majami'a, bai yi miki adalci ba. Luka 1 ya ce Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, amma har suka tsufa ba ɗa. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Shi kuma Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherina ya ishe ka.

Ba zan ce miki za ki haihu bana ba, kar in zama Hananiya na biyu a rayuwarki. Amma kar ki daina roƙo, Hannatu ta zuba zuciyarta a gaban Ubangiji har Eli ya zaci ta bugu, kuma an ji ta. In kalmomi sun ƙi zuwa ki buɗe Zabura 13 ki karanta da ƙarfi, Dawuda ne ke ta tambaya har yaushe ya Ubangiji, kuma Allah bai kore shi ba, a cikin Littafinsa ma ya ajiye kukan. Romawa 8:26 ta ce in ba mu san yadda za mu yi addu'a ba Ruhu da kansa yana roƙo dominmu.

Sai maganar kuɗi, don Allah ki daina. Bitrus ya tsawata wa mai sihirin nan na Samariya da ya zaci baiwar Allah da kuɗi ake sayenta, yana nan a Ayyukan Manzanni 8. Baikonki da zakkarki ki kai ikkilisiyarki da farin ciki, amma ba a sayen ciki a wurin kowa. Wannan kuɗin ki tara ku je asibiti ke da maigidanki ku ga likitan mata, kuma shi ma a gwada shi, domin sau da yawa matsalar daga wajen namiji take amma mace kaɗai ake nuna wa yatsa, gwajin maza ma ya fi sauƙi da araha. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne, Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. In maigidan ya ƙi, ki samu Mama Fasto ko wani dattijon ikkilisiya da yake jin maganarsa su zauna da shi a asirce.

Wannan makon muna da taron Zumuntar Mata, zan kawo maganarki cikin addu'a ba tare da na ambaci sunanki ba. Ki turo mini saƙo ta akwati ki gaya mini garin da kike, in akwai wata uwa tamu a kusa da ke zan haɗa ku ta raka ki asibitin.