Amsa: Cajin gaggawa na lalata batirin motar lantarki?

Malam, ka tambaya ko cajin gaggawa na kashe batiri. Ba nan take ba. Zafi ne babban abokin gaban batirin litiyom, kuma cajin gaggawa na tara zafi. Shi ya sa za ka ga caji na gudu har kashi 80, daga nan sai tafiyar hawainiya. Motar ce da kanta ke rage ƙarfin wutar don kare batirin. A ganina, ka riƙa caji a gida da dare, na gaggawa sai tafiya mai nisa. Kamfanoni da yawa ma garantin shekara 8 suke bayarwa a kan batirin.