Zauren Tambaya da Amsa: Koren Tsakar Gida da Daɗaɗɗen Kiɗan Turai

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi ritaya daga aikin gwamnati bara, kuma ina da fili a tsakar gidana a Kano, mita 10 tsawo da mita 10 faɗi. Tun ina saurayi nake sha'awar shimfiɗaɗɗiyar koriyar ciyawa irin ta tsofaffin gidajen unguwar Nasarawa. Sau biyu ina dasawa, amma da hunturu ya shigo sai ta bushe, gara kuma ta ƙarasa abin da ya rage. Ina kuskurena yake? Daga wani dattijo a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sa an gama aiki lafiya, ya sanya albarka a wannan hutu. Kafin mu taɓa irin ciyawa ko taki, ina roƙon ka mu fara da lissafin ruwa, domin a ganina a nan matsalar take.

Ciyawar ƙawa tana buƙatar ruwan da ya kai zurfin milimita 25 a kowane mako, wato lita 25 a kan kowace murabba'in mita, jarka guda ke nan ta 'yan garuwa. Filinka murabba'in mita 100 ne, don haka yana neman lita 2,500, jarka 100 a mako, kuma a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano, abin da zai sha ya fi haka nesa ba kusa ba. Damina a ƙasarmu wata huɗu ce ko ƙasa da haka idan ana maganar ruwa mai ƙarfi, sauran shekarar kuwa kai ne za ka zama gajimare. Wannan salon shimfiɗa ciyawa daga Ingila ya zo mana, ƙasar da ake samun yayyafi kusan kowane wata, kuma ko su a can an hana ban ruwa da tiyo a yankuna da dama lokacin farin 2022. A jihar Nebada ta Amurka ma an yi doka a 2021 da ta wajabta cire ciyawar ado wadda ba a amfani da ita a harabar ofisoshi da gefen tituna a yankin Las Begas, saboda ƙarancin ruwan kogin Kolorado.

Saboda haka shawarata ita ce ka rage filin. Ka ware mita 3 da mita 4 a wurin da rana take samu aƙalla awa shida, ka bar sauran ga yashi, ko bulon daɓe, ko zogale da lemun tsami. Murabba'in mita 12 jarka 12 zai sha a mako, kuma wani kaso mai yawa na wannan ruwa yana cikin gidanka ana zubar da shi. Nawa ɗan filin a gefen wurin alwala na yi shi, na karkata magudanar ta bi ta cikinsa, har da ruwan wanke shinkafa da na kayan miya. Ruwan wanki mai omo ko bilic ne kawai ba na bari ya kusance shi, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa a ƙasa ya kashe saiwa.

Sai batun iri. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi sukan ba mutum wata ciyawa mai faɗin ganye da suke kira kafet, kyakkyawa ce a ido, amma ta fi son laimar kudu da 'yar inuwa, kuma ina zargin ita ka dasa. Wadda ta dace da mu tana nan a bakin fadama da gefen rafi, ita ce kiri-kiri, wadda masu furanni ke kira Bahama. Tana yaɗo ta sama, tana kuma da jijiya a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa take jure tattaki da fari. Idan sanyin hunturu ya zo takan yi fari-fari kamar ta mutu, alhali barci take yi, da ta ji ɗumi da ruwa sai ta sake tohowa. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna su tone ta. Aibinta biyu ne: ba ta yi a ƙarƙashin inuwar darbejiya ko mangwaro, kuma idan ba a yi mata iyaka da bulo ba za ta kutsa cikin furanni da lambu.

Lokacin dasawa shi ne farkon damina, idan ruwa ya zauna a watan Yuni ko Yuli. A kafce ƙasa zurfin taƙi guda, a tsince ɓaraguzan siminti da duwatsun da magina suka binne, a gauraya takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, sannan a baje, a ɗan karkata shi don kada ruwa ya kwanta a gindin katanga. A dasa ƙananan rassan a jere, taƙi guda tsakaninsu, a riƙa yayyafa musu ruwa kullum har su kama. Cikin wata biyu zuwa uku za su haɗe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ciyawa, taki mai kara da tattaka kuma shi ne ke gayyato gara, wadda ta fi bin busasshen abu. Idan kana share busassun ganye da guntayen itace, ka rage mata abinci. In har sai an sa magani, a nemi shawarar malamin gona, a kuma nisanta yara da kaji daga wurin.

Bayan ta kama, ka daina yayyafin kullum. Ka ba ta ruwa mai yawa sau biyu a mako, da sassafe, domin saiwar ta bi ruwan zuwa ƙasa. Hanyar da nake gane ƙishinta ita ce in taka ta bayan sallar asuba: idan ganyen ya miƙe nan take, a ƙoshe take, idan kuwa sawuna ya zauna a kwance, ranar ban ruwa ce. Wajen yanka, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a lokaci guda, a bar ta tsakanin santimita 3 zuwa 5, wanda hakan ke hana sauro da macizai samun mafaka. Ƙaramin fili irin wannan ba ya buƙatar inji, babban almakashin lambu mai kaifi ya wadatar. Takin yuriya kuwa, gram 10 a kowace murabba'in mita ya isa, sau biyu a damina, a bi shi da ruwa nan take. Aya-aya da ƙarangiya da hannu ake cire su tun ba su yi 'ya'ya ba, kuma wannan aikin ne jikoki suka fi jin daɗin taya kaka.

Tambaya: Ina zaune da maigidana a Manchesta, inda yake karatu. Mai gidan da muke haya ya rubuto mana cewa ciyawar bayan gida ta yi tsayi, kuma gyaranta yana kanmu. Shin haka al'adarsu take? Daga wata 'yar Zariya a Ingila.

Amsa: Haka take, 'yar'uwa, kuma sau da yawa a rubuce yake cikin takardar yarjejeniyar haya, don haka ku duba taku. A ƙasar ne wani injiniya mai suna Edwin Budding ya ƙera injin yanke ciyawa na farko a 1830, bayan ya ga na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa, kuma tun daga lokacin gyaran ciyawa ya sauko daga gidajen masu hannu da shuni zuwa na talakawa. Irin tasu ciyawar ta ƙasar sanyi ce, tana girma daga Maris zuwa Oktoba, ana yanke ta kamar sau ɗaya a mako idan tana tsiro sosai. Tun da taku ta yi tsayi, kada ku aske ta lokaci guda. Ku ɗaga wuƙar injin sama, ku rage kaɗan, bayan kwana huɗu ko biyar ku ƙara. Kada a yanka tana jiƙe, musamman da injin lantarki, ko lokacin da raɓa ta daskare a kanta.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce, kuma 'yata ta turo mini daɗaɗɗen kiɗan Turai, wanda ake kira kilasikal, wai zai taimaka mini in huta da yamma. Na kunna, amma babu waƙa babu amshi, bayan minti biyar hankalina ya tafi wani wuri. Ina son in fahimce shi. Ta ina zan fara? Daga wata malama a Jos.

Amsa: Malama, abin da ya same ki shi ne ya same ni a farko, kuma dalilinsa a fili yake. Kunnen Bahaushe ya saba da cewa magana ce ke gaba, kiɗa yana biye: mawaƙi ya ja baiti, 'yan amshi su karɓa, mu kuma muna bin ma'ana. Da aka cire maganar sai kunne ya rasa abin kamawa. Sai dai muna da wani abu a gida da zai buɗe miki ƙofar, shi ne take. Idan makaɗin kalangu ya kaɗa taken mahauta ko na wani ɗan dambe, ba a furta kalma ko ɗaya ba, amma mai shi ya ji an kira shi, tsikar jikinsa ta tashi. Wannan kiɗa na Turai a kan irin wannan ɗan gajeren zubi aka gina shi. Mai tsarawa yakan gabatar da take a farko, sannan ya riƙa juya shi: ya ba wannan kayan kiɗa, ya karɓe ya ba wancan, ya yi shi a hankali, ya yi shi da sauri, ya ɓoye shi, can kuma ya dawo da shi. Aikin mai sauraro shi ne ya riƙe taken ya bi sawunsa.

Misali mafi sauƙi shi ne simfoni (wato dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa) na biyar na Ludwig van Beethoven, wanda aka fara kaɗawa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1808. Da sauti huɗu yake buɗewa, uku gajeru ɗaya dogo, kuma idan kika kasa kunne za ki ji kusan dukkan ɓangaren farko, mai kimanin minti bakwai, daga waɗannan huɗun aka saƙa shi. Mutumin ya tsara shi ne jinsa yana raguwa, kuma lokacin da aka gabatar da na tara a 1824 kurumtarsa ta yi tsanani ƙwarai. Ni dai duk lokacin da na tuna haka sai in ƙara nutsuwa in saurara.

Kayan kiɗan ma ba baƙi ba ne sosai. Gogensu mai tsirkiya huɗu ne, namu mai ɗaya, amma da izgar doki ake goga duka biyun. Suna da abin busa da ake kira obo, wanda bakinsa irin na algaita ne, suna da ƙahonnin tagulla 'yan'uwan kakaki, da manyan ganguna masu kama da tambari. Babbar ƙungiya takan tara makaɗa 70 zuwa 100, kuma yawancin simfoni kashi huɗu ne: mai sauri, mai taushi, mai salon rawa, sai na rufewa. Ɗan shirun da za ki ji a tsakani ba ƙarewa ba ne.

Don hutun yamma kuwa, zan so ki fara da Antonio Vivaldi, ɗan birnin Banis na Italiya, da aikinsa kan yanayi huɗu na shekara da aka buga a 1725. Kowane yanayi minti goma ne ko kusa da haka, kuma hoto ne yake zanawa da sauti: a na farko za ki ji kukan tsuntsaye da gudun ƙorama, har da haushin karen makiyayi, a ƙarshen na biyu kuma hadari ne ke tasowa da tsawa, irin wanda duk mazaunin Jos ya sani. Ki zaɓi guda ɗaya ki saurare shi kowace yamma har mako guda kafin ki matsa gaba, kuma a lokacin ki ajiye jan biro da takardun ɗalibai. A rana ta uku ko ta huɗu za ki tarar kina sanin abin da ke tafe kafin ya iso, kuma daga nan daɗin yake farawa.

Yana da kyau ki sani cewa wani kaso na wannan kiɗa don ibadar coci aka tsara shi, musamman ayyuka da yawa na Johann Sebastian Bach, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, don mai neman haka ya same shi, mai son kauce masa kuma ya kauce. Bach yana da wasu guda shida da ya tsara wajen 1720 don babban gogen da ake kira chelo, wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi, kayan kiɗa ɗaya tilo babu murya, kuma su na fi kunnawa idan gida ya yi tsit. Hukuncin sauraron kiɗa a addini kuwa, malamai sun yi saɓani a kai, kuma wurinsu ya kamata a kai wannan tambaya.

Wannan kiɗa yana sauka ƙasa-ƙasa kamar raɗa sannan ya tashi da ƙarfi, don haka lasifikar waya tana cinye rabinsa, ƙarar janareta kuma ta cinye sauran. Ki nemi abin sauraro na kunne mai kyau, amma kada ki ƙure ƙara a wurin da ya yi laushi, domin tashinsa zai bugi dodon kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin na'ura.

Idan kin saba da waɗannan, ki nemi Fela Sowande, haifaffen Abeokuta a 1905, wanda ya rasu a Amurka a 1987. A 1944 ya tsara African Suite, kashi biyar, don ƙungiyar masu goge, inda ya ɗauki karin waƙoƙin Afirka ta Yamma ya zuba su a wannan tsari. Ki fara da kashi na ƙarshe, mai suna Akinla, sannan ki rubuto mana ki faɗa mana sau nawa kika ji taken ya dawo.