Ki bar ta ta fito a wasan, 'yar'uwa

'Yar'uwa, sau uku na karanta tambayarki. Kin ce malamin wasan kwaikwayo na son saka 'yarki mai lalurar Down (wadda ake haifar yaro da ita, tana jinkirta masa koyo da magana) a wasan makaranta, ke kuma kina tsoron a mayar da ita abin dariya. Wallahi ciwona kika taɓo.

Nawa yaron, mai irin wannan lalurar, shekararsa 9 lokacin da aka saka shi a wasan makaranta. Sati uku yana maimaita jimlarsa guda ɗaya tak a gaban madubi. Ana saura kwana biyu, malamar ta ce wai maganarsa ba ta fita, iyaye za su ji wani iri, gara ya riƙe labule. A gabansa fa ta faɗa! Ta ɗauka ba ya ganewa. Da kansa ya cire hular wasan ya miƙa mata, bai ce uffan ba. Har da murmushinta. Ni kuma na tsaya kamar an dasa ni, ban tanka ba, kuma shirun nan nawa har gobe yana cin raina. Na yafe abubuwa da yawa, wannan kam na kasa.

Bayan shekara biyu wata ƙungiya ta ba shi matsayin alƙali a wasanta. An yi dariya, amma a daidai inda aka tsara a yi ta. Maƙwabciyar da ke hana 'ya'yanta wasa da shi ta riƙe hannuna tana cewa, "Ashe haka yake?"

Ki je wurin gwajin da kanki. Kada ki yarda a ba ta matsayin wawa ko abin tausayi. A gajarta mata jimloli, a haɗa da hotuna, kin san yaranmu sun fi kama abu da ido. Ki sa a duba kunnenta, nawa ashe rabin umarnin ba ya ji. Likita ya duba wuyanta ma kafin a sa ta alkafura. Duk wanda ya ce ba za su iya ba, ki gaya masa Pascal Duquenne, ɗan Beljiyam mai irin lalurar, ya karɓi kyautar gwarzon jarumi a bikin fina-finai na Cannes a 1996.

Ranar wasan ki zauna layin gaba. Nawa sai da ya hango ni, ya ɗaga mini hannu, sannan ya buɗe baki.