Amsa ga Malama: ganin muon a aji

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin tambayi yadda za ki nuna wa 'yan SS2 ƙwayoyin da suka fi atam ƙanƙanta, tunda ba mu da na'urar nan mai kilomita 27 ta CERN, cibiyar binciken fiziks da ke kusa da Janeba a Switzerland. Ba sai an je Janeba ba: a aji ma za a iya ganin sawun muon, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙwayoyin, mai zubowa daga sararin sama.

Ki nemi sashen fiziks na Jami'ar Jos su taimaka da busasshiyar ƙanƙara (daskararriyar iskar carbon dioxide), samunta ne wahalar. Ki manna tsumma jiƙe da sinadarin isopropyl a gindin kwalba, ki kife ta kan baƙin faranti bisa ƙanƙarar, a kashe fitila, a haska tocila ta gefe. Can za ki ga siraran zaruruwa suna tsaga hazon da sinadarin ya yi cikin kwalbar, dogaye miƙaƙƙun cikinsu galibi sawun muon ne. Jos tana kan tudu, wajen mita 1,200, don haka muon da ke isa Jos sun fi na Legas yawa. A sa safar hannu, ƙanƙarar tana ƙona fata.