Rediyo da matan karkara masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV

Tambaya: Ni ungozoma ce a wani ƙauye kusa da Gadarif, a gabashin Sudan. Ƙungiyarmu ta mata tana son sayen rediyo ta raba wa masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki. Shin zai amfane su, ko kuwa ɓarnar kuɗi ce?

Amsa: Malama, zai amfane su ƙwarai, amma ina roƙonku kada ku ware su kaɗai wajen rabon. A ƙauyen da kowa ya san kowa, ranar da aka ga sabuwar rediyo a ɗakin mata uku kawai, ranar asirinsu ya tonu, kuma tsoron tsangwama shi ne babban abin da ke hana mace zuwa karɓar magani. Ku raba wa masu juna biyu da masu shayarwa baki ɗaya, ko ku kafa zaman sauraro na unguwa, ta yadda mai buƙata za ta ji ba tare da an nuna ta da yatsa ba.

Babban amfanin rediyo shi ne ba ta neman mai sauraro ya iya karatu, kuma abin da matar ta ji tana tuƙa tuwo, mijinta da uwar mijinta da kishiyarta ma sun ji. Su ne suka fi buƙatar sanin cewa ba a ɗaukar cutar ta cin abinci a kwano ɗaya ko ta cizon sauro. Su ne kuma ke ba da izini da kuɗin mota zuwa awon ciki, inda lamarin ya fi muhimmanci: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan uwa ba ta shan magani, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jarirai kan kamu, amma da magani ana iya sauko da adadin ƙasa da kashi 5.

Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wutar lantarki da layin waya suna yawan yankewa, don haka ku zaɓi mai aiki da hasken rana kuma mai kama gajeren zango, domin a nan ake samun tashoshi irin su Radio Dabanga, mai watsa labaran Sudan da Larabci. Sai batun harshe. Tsofaffin matanmu da yawa a Gadarif da garin Mai Wurno na jihar Sennar suna ciniki da Larabci, amma bayanin likita ya fi shiga da Hausa, saboda haka ke ki zauna tare da su ki fassara bayan shiri.

Rediyo dai ba ta gwajin jini, ba ta kuma ba da magani. Kafin rabon, ki bincika wace cibiya ce mafi kusa da har yanzu take ba da maganin, ki riƙa jaddada wa matan cewa kullum ake shan sa, kuma wadda gudun hijira ya katse mata sha ta koma asibiti da wuri, da katinta ko kwalin maganin a hannu.