Tambaya da Amsa: Sake Ɗora Windows 7 da Makullinta na Asali

Tambayoyin wannan makon daga 'yan'uwanmu mazauna Saudiyya suka fito, kuma kusan duk a kan tsohuwar kwamfuta ne da lambobin nan da ke liƙe a gindinta. Bari mu fara da wadda ta fi tsawo.

Tambaya daga wani tela a Shara Mansur, Makka: Malam, ina da laftof ƙirar Dell da na saya a haraji, wato kasuwar kayan hannu, da ita nake zana surfanin da nake tura wa keken ɗinki. Manhajar zanen ba ta yarda da kowace Windows sai 7. Yanzu kwamfutar ta yi nauyi, talla sai faɗowa take yi. Mai gyara ya ce zai sa mini Windows 10 ta sata, ni kuwa akwai sitika mai lambobi a ƙasan tawa. Zan iya sake ɗora 7 ɗin da su?

Amsa: Za ka iya, Alhaji, kuma halalinka ne. Sitikar nan shaidar lasisi ce da kamfanin Dell ya liƙa tun daga masana'anta. Haruffa da lambobi 25 da ke jikinta, rukuni biyar kowanne da biyar, su ne makullin. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, amma daina kulawa bai soke lasisin wanda ya mallake ta ba.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton sitikar da wayarka, ka kuma karanta sunan da ke rubuce a samanta: Starter ne, Home Premium, Professional ko Ultimate. Makullin Professional ba ya buɗe Ultimate, na Home Premium ba ya buɗe Professional. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami, domin masu gyara sun saba da faifan Ultimate, shi suke ɗora wa kowa, sai makulli ya ƙi shiga a ce ai lambar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau, ƙofar da aka kai ta ce ba tata ba. Batun 32 ko 64 bit, wato nau'i biyu da Windows take zuwa da su, kuwa bai dame ta ba, makulli ɗaya ne yake yi wa duka biyun. In ram ɗinka ya kai giga 4 ko ya wuce, 64 ta fi, sai dai in manhajar surfanin ta tsaya a kan 32.

Sai ka kwashe kayanka. Zanukan surfani, musamman fayilolin DST da ka tara shekara da shekaru, hotunan samfur, lambobin kwastomomi, duk a zuba su a filas ko wani hadis (hard disk) na waje. Ka tabbatar kana da fayil ɗin saka manhajar surfanin kanta, da direban ɗan filas ɗin tsaron da take zuwa da shi in irin wannan ce. Tela ya fi mai gyara sanin darajar waɗannan, don haka kada ka bar masa wannan aikin. Ka kuma shiga shafin Dell da lambar na'urar da ke ƙasan laftof ɗin ka sauke direban waya-fai da na katin intanet tun yanzu. Sabuwar Windows 7 sau da yawa takan tashi ba ta san waya-fai ba, kuma ba ta da hanyar nemo direban tunda ba ta da intanet.

Hanya mafi sauƙi, in an yi sa'a, ba ta ma buƙatar makullin. Kamfanoni sukan ɓoye kwafin Windows na asali a wani ɓangare na hadis. A Dell na zamanin Windows 7 ana danna F8 lokacin kunnawa a shiga sashen gyara, a HP ana danna F11, a Acer kuma Alt da F10. In ɓangaren yana nan, kwamfuta za ta koma yadda ta fito daga kwali, da direbobinta da lasisinta a kunne. Amma kayan haraji da wuya ka same shi, yawanci wani ya riga ya yi mata fomat ya share komai.

In babu shi, sai a nemi faifan Windows 7, kuma nan ne ainihin haɗarin yake. Microsoft ta cire ta daga shafin saukewa. Abin da ya rage yana yawo a intanet, mafi yawansa an yi masa kutse: an cusa manhajar satar lasisi, wani lokaci har da bairos a ciki. Makulli na gaskiya a kan gurɓataccen faifai bai tsinana maka komai ba. Abin da nake ba da shawara shi ne ka nemi faifan DVD na asali, na Dell ko na Microsoft, a wajen tsofaffin masu gyara. Aron faifai ba laifi ba ne, tunda lasisin yana jikin makullinka, ba jikin faifan ba. In kuma fayil ɗin ISO aka ba ka, wato kwafin faifan a matsayin fayil, wanda ya san aiki ya duba lambar SHA-1 ɗinsa, wadda take nuna ko an taɓa fayil ɗin, ya gwada da wadda Microsoft ta fitar. Ka fi son mai Service Pack 1, wanda ya fito a Fabrairun 2011. Duk faifan da aka ce maka "wannan da kansa yake kunna lasisi", ajiye shi, in dai ba na asali na kamfanin da ya ƙera kwamfutarka ba ne.

Ana zuba ISO ɗin a filas mai giga 8 da manhajar Rufus. In faifan da ka samu na wani bugu ne daban, a goge ɗan fayil ɗin nan mai suna ei.cfg da ke cikin jakar sources, nan take zai ba ka zaɓin bugun da ya dace da sitikarka. Ka sa filas ɗin a baƙin rami na USB 2, ba shuɗi ba, domin Windows 7 ba ta zo da direban USB 3 ba. Bayan an gama, tana ba ka kwana 30 kafin ta matsa maka da neman lasisi. Shigar da makullin, in ya ƙi kunnuwa ta intanet, rubuta slui 4 a akwatin bincike. Zai fito maka da doguwar lambar shaida da ake miƙa wa Microsoft, su kuma su ba ka lambar tabbatarwa. Makullan sitika sun saba bin wannan hanyar, ba alamar matsala ba ce.

Da zarar ta tashi kuma manhajar surfani ta zauna, cire ta daga intanet. Kwamfutar keke ce, a bar ta da keke. Filas ɗin da kake ɗaukar zane da shi ma ka riƙa duba shi a wata na'ura mai sabuwar kariya.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci ta Madina: Sitikar tawa ta goge, wasu haruffan ba sa karantuwa. Na yi amfani da wata manhaja na ciro makullin daga cikin Windows, amma bayan na sake ɗorawa ya ƙi aiki. Me ya faru?

Amsa: Malam, makullin da ka ciro ba naka ba ne kai kaɗai. A zamanin Windows 7, manyan kamfanoni kamar HP da Lenovo da Dell suna saka makulli guda na bai-ɗaya a dubban kwamfutoci, wanda yake aiki tare da wata alama a cikin BIOS, wato ƙaramar manhajar da take tayar da kwamfuta, da takardar shaidar kamfanin. Shi manhajar ta nuna maka. In ka shigar da shi a Windows ɗin da ba ta fito daga faifan kamfanin ba, ba zai kunnu ba. Mafita biyu ce: ko ka samo faifan dawo da Windows na kamfanin da ya ƙera kwamfutarka, wanda zai kunna kansa ta halal, ko ka koma ga sitikar.

Kada ka yi saurin fid da rai da ita. Haska ta da fitilar waya daga gefe, ka ɗauki hoto ka faɗaɗa. A makullan Windows 7 babu sifili, babu O, babu 1, babu I, babu 5, babu S. In ka ga abin da ya yi kama da O, to Q ne ko D. Rikicin da ya rage tsakanin B da 8 ne, sai G da 6. A wasu laftof ɗin sitikar tana ƙarƙashin batir, can ba ta gogewa. Ka kuma lura da madannin: in yana kan Larabci, danna Alt da Shift ka mayar da shi kafin ka fara bugawa.

Wani abu kuma da ke hana lasisi kunnuwa a tsofaffin na'urori shi ne agogo. In ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, kwanan wata sai ya koma shekarun baya, sai ka ga saƙon kuskure mai lamba 0x80072F8F. Gyara kwanan wata ka sake gwadawa.

Masu Windows 8 zuwa sama ba su da wannan wahalar. Tun daga 2012 kamfanoni suka koma dasa makullin a cikin BIOS, Windows da kanta take karanto shi.

Tambaya daga wata Hajiya a Jidda: Na saya wa yara kwamfuta a Harajin Sawarik, Windows ɗin Larabci ce. In na sake ɗorawa da Turanci makullin zai yi? Kuma an ce da makullin 7 ana samun Windows 10 kyauta.

Amsa: Hajiya, makullin bugu yake bi, ba harshe ba. In Home Premium ce ta Larabci, sai a ɗora Home Premium ta Turanci da makullin nan. Sauya harshen allo kai tsaye ba tare da sake ɗorawa ba kuwa, a Windows 7 sai Ultimate da Enterprise. Abin sha'awa, Microsoft ta taɓa fitar da kunshin Hausa na Windows 7 da ake ɗorawa a kan ta Turanci, ko da yake 'yan kaɗan ne a cikinmu suka yi amfani da shi.

Maganar Windows 10 kyauta gaskiya ce a da. An buɗe tayin a Yulin 2015 na shekara ɗaya, amma ƙofar ta ci gaba da zama a buɗe har Satumban 2023 da Microsoft ta rufe ta. Yanzu makullin 7 ba ya kunna sabuwar Windows 10. Sai dai in mai kwamfutar na baya ya taɓa ɗaga ta zuwa 10 kafin a rufe, to lasisin yana ajiye a wajen Microsoft da shaidar na'urar, in an ɗora bugu iri ɗaya aka haɗa da intanet zai dawo da kansa. Ita ma Windows 10 ɗin wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoba 2025.

Ga ra'ayina, tunda yara ne za su yi karatu da ita a intanet, ban ga dalilin mayar da ita 7 ba. Chrome ya tsaya a bugu na 109 a kanta tun farkon 2023. Kada a buɗe Absher, dandalin hidimomin gwamnatin Saudiyya, ko asusun banki a irin wannan na'ura, a yi su a waya. In kwamfutar ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, wato na'urar tsaro ta TPM 2.0 da ram giga 4 da furosesa na kusa-kusa, a sa mata Linux Mint. Kyauta ce, ana sabunta ta, kuma tana karanta Larabci.

Tambaya daga wani direba a Riyad: Ina ganin ana tallar makullin Windows a intanet a kan riyal goma sha biyar. Na gaskiya ne?

Amsa: Yana iya kunnuwa yau, amma kunnuwa daban, mallaka daban. Yawancinsu makullan kamfanoni ne ko na makarantu da aka sayar wa mutane barkatai ba bisa ƙa'ida ba, ranar da Microsoft ta toshe su sai ka ga lamba 0xC004C003. Wasu kuma irin na ma'aikatu ne da sai an sabunta su duk kwana 180, shi ya sa kwamfutar da aka sayo daga gwanjon kamfani takan wayi gari tana cewa lasisi ya kusa ƙarewa. Rubuta slmgr /dlv ka ga irin naka. In ka ga OEM (na kamfanin da ya ƙera na'urar) ko RETAIL (wanda aka saya daban), da sauƙi. In ka ga VOLUME, wato na ma'aikatu, alhali kai ba ma'aikata ba ne, ka san inda aka dosa.

Tambayarsa ta biyu: Tsohuwar laftof ɗina ta mutu, zan iya cire makullinta in sa a wadda zan aika wa ƙanena Kano?

A'a, ɗan'uwa. Makullin sitika na na'urar da aka liƙa shi ne, tare suke rayuwa tare suke mutuwa. Sauya hadis ko ƙara ram bai taɓa shi, amma kai shi wata kwamfuta ya saɓa wa sharaɗin lasisin. Wanda ake iya ɗauka daga wannan na'ura zuwa waccan shi ne wanda aka saya daban a cikin kwalinsa, shi ma da sharaɗin a cire shi daga ta farkon. Duba ƙasan wadda za ka aika ɗin, ko ƙarƙashin batirinta, wataƙila tana da nata. In akwai, ɗauki hotonsa ka tura wa ƙanen naka ta WhatsApp kafin ka ba da saƙon, don zafi da gogayya a hanya suna cinye rubutun sitika.